Abin da Yaya ta ɓoye mana kwana 6

Na san akwai masu cewa bai dace namiji, kuma malamin makaranta, ya ɗauko maganar ƙirjin mata a takardar da yara ma suke karantawa ba. To, ina neman afuwa. Na nemi izinin mai abin kafin in rubuta, ta ce in faɗa, in dai ban ambaci sunanta ba.

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ciwon daji ya kama ta a mama na hagu. A da, matan ƙauyukanmu, tun daga Mai Wurno har zuwa ƙasan Jazira, Madani suke nufa, cibiyar ciwon daji ta Jami'ar Jazira. Amma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya iso Madani a Disambar shekarar, hanya ta toshe. Ɗanta ya kai ta Alƙahira, inda bayan dogon magani aka cire maman a 2025, aka sanya mata jakar silikon a gurbinsa. Wannan aiki tun 1962 aka fara shi a Amurka, amma a wurinmu baƙo ne, har wasu suka yi ta gulma wai kwalliya ta je yi. Wanda bai taɓa rasa wani yanki na jikinsa ba, bakinsa ba ya nauyi.

Kuɗin zama ya ƙare, sai suka kamo hanyar gida mako 3 kacal bayan aikin, cikin zafi da ƙura. Da isowarta wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ya kumbura. Ba ta gaya wa kowa ba sai wata maƙwabciya, wadda ta aiki yaro kantin magani ya sayo kafson amoksisilin. Tana shan wasu, ana fasa wasu ana barbaɗawa a bakin ɗinki. Tsofaffi kuma suka kawo tasu, cewa daji ba ya son ƙarfe, ga shi an taɓa shi ya fusata. Rana ta 6 matata ta ga mugunya a rigarta, ga zazzaɓi har da makyarkyata. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Yaya, gobe da asuba za mu asibiti." Ta ce, "Malam, kunya fa?" Na ce kunyar ma za mu tafi da ita, likita ya duba su tare.

Bayanin da likitan ya yi mana shi ne dalilin wannan rubutu, domin ya warware abin da tsofaffi suka ɗaure. Ba dajin ne ya dawo ba. Ƙwayar cuta ce, mai suna istafilokokas, wadda take zaune lafiya lau a fatar mutane da yawa da cikin hancinsu, sai ta sami ƙofa ta shiga rauni. A naman jiki, jini yana kai magani da dakarun jiki ko'ina. Jakar silikon kuwa ba ta da jijiyar jini ko ɗaya. Ƙwayoyin sukan manne a bayanta, su lulluɓe kansu da wani yauƙi, kamar gansakukar da ke kama cikin randa, wadda zuba ruwa kaɗai ba ya fitar da ita. Saboda haka ciwon da kafso zai iya kashewa a yatsa, a nan yakan lafa ne kawai, ya jira a daina shan magani.

Bugu da ƙari, amoksisilin shi kaɗai ba ya cin yawancin irin wannan ƙwaya a yau. Mutumin da ya gano fenisilin a 1928, Alexander Fleming, shi da kansa ya yi gargaɗi a 1945 cewa shan magani ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyi jure masa. A 1961 aka ga nau'in da ya gagari maganin da aka ƙera musamman dominsa, a Ingila. Mu kuwa har yau kafso a wurinmu kamar goro ne, kowa ya saya ya miƙa wa ɗan'uwansa guda biyu.

Aka ɗebi mugunyar aka kai ɗakin gwaji, domin a san ƙwayar da maganin da ke cin ta, abin da ke ɗaukar kwana 2 zuwa 3. Kafin nan aka fara mata allura ta jijiya. Likitan ya ce da a ranar farko aka zo, lokacin da ja ne kawai a fata, da akwai damar magani ya wadatar a bar jakar. Idan mugunya ta taru a kewayenta, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, ko ɗinki ya buɗe, sai a cire, don kada cutar ta bi jini. Masu ciwon sukari da waɗanda aka yi wa gashin daji sun fi shiga wannan haɗari, ita kuwa Yaya tana da sukari.

Aka cire, aka wanke wurin. Ta yi kuka ranar fiye da ranar da aka cire maman kansa, domin filin gonarta ta sayar aka biya kuɗin. An ce bayan wata 3 zuwa 6, in wurin ya warke sarai, ana iya sanya wata. Ta ce a'a. Matata ta ɗinka mata ɗan matashi na auduga da take sawa cikin riga, kuma duk wata uku nake raka ta a duba ɗayan gefen.