Shayin Lambu a Ingila: Wasiƙa zuwa ga Yaya a Unguwar Shanu

Shayin lambu liyafa ce da mutanen Ingila ke shiryawa da yamma a filin gidajensu, daga watan Mayu zuwa farkon Satumba, lokacin da sanyi ya ja da baya. A tsakiyar bazararsu rana kan wuce ƙarfe 9 na dare ba ta faɗi ba, shi ya sa kowa ke neman dalilin zama a waje. Galibin gidajen ƙasar, har na masu ƙaramin ƙarfi, suna da ɗan fili ta baya mai ciyawa da furanni, an kewaye shi da shingen katako wanda da ƙyar ya kai tsayin mutum. A irin wannan fili aka ɗauki hoton da ya zagaya WhatsApp ɗin iyali, wanda aka ga mai wannan wasiƙa riƙe da ɗan kofi a ƙarƙashin laima, har wasu suka fara cewa ya zama Bature, ya samu wurin hutawa. Bayanin da ke tafe shi ne amsar tambayar Yaya a kan hoton.

Al'adar ba ta kai tsufan da ake zato ba. Masu tarihi kan danganta shayin yamma da wata basarakiya mai suna Anna, matar mai sarautar Bedford, wajen shekarar 1840. A zamanin manyan gidaje ba sa cin abincin dare sai wajen ƙarfe 8, sai ta riƙa sa a kawo mata shayi da ɗan abin taɓawa da la'asar, ta kuma fara gayyato ƙawayenta. Sarauniya Biktoriya ce ta fitar da abin fili a shekarun 1860. Har yau ana yin sa kowace bazara a lambun Fadar Buckingham da ke Landan da kuma Fadar Holyrood a Edinburgh, inda mutum fiye da 30,000 ke halarta a shekara. Fadar ta ce a zama ɗaya ana shan kofin shayi kusan 27,000, a ci yankan kek 20,000. Mutanen Kaduna ba baƙi ba ne ga wannan ɗabi'a, sai dai ta ƙofar baya suka san ta. Tun da aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, Turawan mulki suka yanka wa kansu manyan filaye a GRA, kakanni da yawa kuma sun yi kuku da boyi da gadina a waɗannan gidaje, suna jera kofuna a inuwar mangwaro, su koma gefe su tsaya.

Shiri yana farawa ne da duba hasashen yanayi, domin ruwan ƙasar ba shi da damina, ranar da ya ga dama yake sauka. Sai a aske ciyawa, a kafa ƙaramar rumfa, a shimfiɗa wa tebur farin ƙyalle. Abincin hawa uku ne a kan faranti mai bene. A ƙasa akwai biredi da aka yanke wa gefe aka shafa bota, aka sa kokwamba ko ƙwai ko kifi a tsakiya, kowane yanka bai fi yatsu biyu ba. A tsakiya akwai wani gasasshen curin fulawa da suke kira sikon, wanda ake tsagawa a shafa masa kirim mai kauri da dafaffen 'ya'yan itace mai zaƙi. Kek ne a sama. Mutanen Devon da na Cornwall, maƙwabtan juna a kudu maso yamma, sun daɗe suna gardama kan ko kirim ake fara shafawa ko zaƙin, kuma dattawa masu furfura kan yi wannan musu bilhaƙƙi. Shayin kansa, wanda mafi yawan ganyensa daga Kenya da Indiya ake kawowa, babu citta, babu kanumfari, babu masoro, ba a kuma ɗaga shi sama a fifita. Wanda ya saba da haɗin kauri na bakin Kasuwar Barci zai ce ruwan zafi aka rina. Musulmi kuma sai ya yi tambaya kafin ya miƙa hannu, domin naman alade kan ɓuya a cikin biredin, wani jan ruwa mai yankakkun 'ya'yan itace da ake zagayawa da shi kuma giya ce.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya wa baƙo a rai shi ne ƙidayar mutane. Ana aika gayyata makonni kafin ranar, da sunan wanda ake so, da lokacin farawa, da lokacin tashi: ƙarfe 3 zuwa 5. A ƙasa akwai ranar da dole a ba da amsa. Uwargida takan rubuta sunayen da suka amsa, ta toya sikon daidai da su, ta fito da kujeru daidai da su, har kofuna ƙirge suke. In katin ya ce mutum ɗaya, to ɗaya ne. Ɗan Najeriyar da ya zo da ɗan'uwansa da ya sauka gidansa daga wani gari ba za a kore shi ba, mutanen suna da ladabin baki. Amma zai ga fuskar uwargida ta yi ja, a shiga ciki a ɗauko kujerar da ba ta dace da sauran ba, a yi ta cewa babu komai, babu komai, har shi da kansa ya gane akwai komai. Gayyata ta gaba ba lallai ta zo ba.

Wannan ma da dama. Maƙwabci fa? Shingen nan gajere ne, ana jin ƙarar cokali a kofi, ana jin ƙamshin kek. Tsohuwar da ke gidan kusa, wadda 'ya'yanta ke wani gari ba sa zuwa sai Kirsimeti, takan fito shanya a daidai lokacin. Ta leƙo ta ce yau rana ta yi kyau, maigida ya amsa cewa lallai ta yi kyau, kowa ya yi murmushi, ta ɗauki kwandonta ta koma ciki. Babu wanda ya ce bismillah. Ƙwallon yaran ɗaya gefen ya faɗo tsakiyar taro, aka ɗauka aka jefa musu da fara'a, ba a haɗa da ko yankan kek ɗaya ba. Da aka tashi, abin da ya rage aka naɗe a leda aka sa a firji. Ba rowa ba ce irin wadda aka sani, domin mutumin nan zai iya ba ƙungiyar agaji fam 100 a daren bai faɗa wa kowa ba. A ganinsa, miƙa wa tsohuwar faranti ta saman shinge shiga sha'aninta ne, kamar an ce mata ba ta da abin ci. Ita ma, in an tambaye ta, za ta ce haƙƙinsu ne su gayyaci wanda suke so. To ina amfanin haƙƙin da zai bar tsohuwa tana cin abinci ita da talabijin, alhali ana dariya a bayan katakonta? Inna lillahi. Mutumin da aka rena da hadisin ƙara ruwa a romo saboda maƙwabta, wanda mahaifiyarsa Hajiya ta sha aikensa da kwano gida-gida kafin a zuba masa nasa, ba zai iya haɗiye sikon a irin wannan zama ba sai da ƙyar.

Ƙarfe 5 na cika kuma baƙi za su fara duba agogo. Babu rakiya zuwa bakin titi, babu tsayuwar da hira ke sake sabon tushe. A bakin ƙofa ake sallama, kafin baƙo ya kai mota an rufe.

Sakamakon a bayyane yake, su ma ba su ɓoye ba. Kusan kashi 30 cikin 100 na gidajen Birtaniya mutum ɗaya ne a ciki, wajen rabinsu kuma tsofaffi ne. A Janairun 2018 gwamnatin Theresa May ta naɗa Tracey Crouch ministar da za ta kula da matsalar kaɗaici. A faɗa wa dattawan majalisar ƙofar gida wannan, su sha dariya.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, a faɗe ta ko da ba daɗi. Maigidan da ya tara mutane shi ke zagayawa da buta, shi ke wanke kofuna, ko da likita ne, kuma babu wanda ya ci bashi don a ce ya yi bajinta. In an ce ƙarfe 3, to 3 ɗin ce. Sun kuma mayar da shayin hanyar taimako. Tun 1927 ake da wani shiri na buɗe lambunan gidaje ga jama'a, wanda aka fara da lambu 609, kowa ya biya sule ɗaya, aka tara wa ma'aikatan jinya masu bi gida-gida sama da fam 8,000. Yau lambuna fiye da 3,000 ke buɗewa a shekara, ana sayar da shayi da kek, kuɗin na tafiya ga jinya. Akwai kuma ƙungiyar da Trevor Lyttleton ya kafa a 1965, wadda yanzu ake kira Re-engage: ranar Lahadi ɗaya a wata 'yan sa-kai kan ɗauko waɗanda suka kai shekara 75 suna zaune su kaɗai, su kai su shan shayi gidan wani, su mayar da su. Zumunci ne da fom da jadawali, amma ana yi, ba a fashi. Ko ƙidayar ma, in an natsu, ba a rasa mata madafa ba. Malaman Islamiyya sun karantar da labarin sahabin da ya dafa abincin mutum biyar, wani ya biyo su, Manzon Allah (SAW) ya tsaya ya nemar masa izinin mai gida. Suratul Ahzab kuma ta hori wanda ya ci ya watse, kada ya zauna hira. Watakila laifin ba a ƙirgen yake ba, a wanda ake mantawa wajen ƙirgen yake.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne hotunan da ke zuwa daga gida. Bikin 'yan boko a Malali da Unguwar Rimi ya koma zauren haya, da katin shiga na mutum ɗaya, da ƙarti a bakin ƙofa suna mayar da gwaggo da inna saboda ba su zo da kati ba. Katangu sun yi tsawo, an ɗora musu waya. Tun rikicin 2000 da na 2002 da suka raba Kaduna gida biyu, maƙwabtan da aka yi shekaru ana musayar tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti da su sun koma ɗaya ɓangaren garin, yaran yanzu ba su ma san an taɓa yi ba. An ɗauko katin Bature, ba a ɗauko ƙungiyarsa mai kai tsofaffi shan shayi ba, ba a kuma ɗauko cika lokacinsa ba.

Game da zancen hutu, wanda ke cikin hoton ba gayyatarsa aka yi wurin ba. Tsohon da yake yi wa aiki ya turo a keken guragu, kamar yadda dubban 'yan Najeriya ke yi tun da aka buɗe bizar kula da tsofaffi a 2022, aka ba shi kofi don ladabi. Ya san abin da ake cewa, mai kula da iyayen wasu ya bar tasa uwar. Maganar tana da zafi domin akwai gaskiya a cikinta, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma maganin hawan jinin Hajiya da kuɗin makarantar yara daga wannan keken suke fitowa, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 babu albashin da zai samu a Kaduna da zai ɗauki nauyin. Yana kewar ƙurar hunturu, da kiran sallar Masallacin Sultan Bello, da zuwa gidan mutum ba tare da an buga waya ba.

Kuɗin walimar da ake shirin yi a gida zai iso ƙarshen wata in sha Allah. Roƙon da ake yi wa Yaya shi ne kada a kama zaure, kada a buga katin shiga. A kafa rumfa a ƙofar gida, a fara a kan lokacin da aka faɗa, a kuma fitar da kwanukan maƙwabta kafin a zuba wa manyan baƙi. A gai da Hajiya da kyau, a ce mata ɗanta yana neman addu'a.