Kujerar da Ta Ga Jarirai Huɗu

A watan Afrilu da ya wuce Ubangiji ya ba mu 'yar auta, bayan mun riga mun ba da kayan jarirai duka kyauta muna tsammani mun gama. Bayan sujada ran Lahadi, wani dattijon ekklesiyarmu a nan Kongo ya kira mu gefe, ya buɗe bayan motarsa, ya fito da kujerar jariri irin wadda a kan ɗaura cikin mota. Ya ce, "Malam, ga wannan. Jikana ya yi mata girma." Muka durƙusa muka yi godiya, gama sabuwa a kanti ta fi ƙarfin albashin malamin makaranta.

Kujerar nan duk mun san ta. An sayo ta gwanjo a kasuwar Sabon Gari, ta kuwa bi gidaje huɗu a cikin Zumuntar Mata. Haka mu ke yi da rigunan sanyi da bahon wanka da littattafan firamare, ba wanda ya ke jin kunya. Da uwargida ta juya ta za ta wanke, sai ta ga an buga lamba a jikin robar ta ƙasa: 2011. Ta ce, "Maigida, kujera ma tana da ranar haihuwa?"

Ashe tana da ita, har da ranar barin aiki. Masu ƙera waɗannan kujeru su kan ba su shekara 6 zuwa 10 daga ranar ƙira, kowane kamfani da nasa adadin. Da fari mun ɗauka dabarar ciniki ce kawai domin a sayi sabuwa, watakila kuwa akwai ɗan wannan a ciki. Amma muka tuna da butar da a kan bari a tsakar gida. Shekara guda tana lanƙwasuwa in an taka ta, shekara ta uku ka ɗauke ta da ruwa hannunta ya ɓalle, alhali kuwa jiya ba ka ga tsaga ba. Kujerun roba na majami'a ma haka su ke karyewa da mutum ana tsakiyar wa'azi. To, ina misalin kujerar da ta sha bazarar Zariya cikin mota a rufe, inda zafi ya kan fi na waje nesa, sa'an nan hunturu ya zo ya busar da ita? An ƙera ta domin ƙasar sanyi, ta gama aikinta can, kana aka turo mana.

Abin da ba mu gane ba da, shi ne aikin kujerar ba zama ba ne. Ana yin ta domin ƙiftawar ido ɗaya tak, wadda mu ke addu'a kada ta zo. In mota tana gudun kilomita 50 a awa ta yi karo, nauyin abin da ke ciki ya kan ninka sau 20 ko 30. Jariri mai kilo 5 ya zama kamar buhun masara, ko fiye. Babu uwar da hannunta zai riƙe wannan, kome ƙaunarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerar da aka ɗaura daidai tana rage mutuwar jarirai a hatsari da wajen kashi 70 cikin 100. Wani likita a Suwidin, Bertil Aldman, shi ya fito da dabarar juya fuskar yaro baya a 1964, domin bayan kujerar ya tallafi kai da wuya, gama wuyan jariri bai yi ƙwari ba.

Mun koya wa yara a aji Maimaitawar Shari'a sura 22, inda aka umarci mai gina gida ya yi wa soronsa katanga kewaye don kada wani ya faɗo, alhakin jini ya hau gidan. Sau nawa mun bayyana wannan da sorayen Birnin Zariya, ba mu taɓa kawo mota a ranmu ba.

Wuyar ita ce komawa wurin dattijon. Yaya za ka tambayi babba tarihin kyautarsa? Muka yi kwana uku muna juya maganar, kana muka tafi gaishe shi da yamma. Bayan an sha ruwa muka ce, "Baba, kujerar nan ta taɓa shiga hatsari?" Ya yi shiru. Sa'an nan ya ce i, shekara biyu da suka wuce motar ɗansa ta bugi wata a hanyar Kaduna, gaban motar ya lotse, yaron yana cikin kujerar ya fita ba ko ƙwarzane. Don haka ne ma ya ke ganinta da albarka. Muka ce, "Baba, ta riga ta yi aikinta ke nan." Gama ɗamarar da ta taɓa riƙe irin wannan nauyi ta miƙe, robar kuma ta kan tsage a ciki inda ido ba ya gani. Dattijon bai ji haushi ba. Ya ce da ya sani, da bai mayar da jikansa ciki ba har shekara guda bayan haka.

Kada mai karatu ya ce mun hana karɓar tsohuwar kujera. A ganinmu, wadda ta ɗan tsufa amma lafiyayya ta fi cinya nesa, mun kuwa san yawancin 'yan'uwa a Tudun Wada goyo su ke yi a bayan acaba, ba su da zaɓin da mu ke magana a kai. Wadda ka san gidan da ta fito, ka san ba ta yi karo ba, kwanan watanta bai wuce ba, ɗamararta ba ta tsinke ba, maɓallinta yana kamawa da ƙara, soson cikinta bai farfashe ba, karɓe ta da godiya. Ta gwanjo ce abin tsoro, don mai sayarwa kansa bai san inda ta kwana ba. Kuma kowace iri ce, a ɗaura ta a kujerar baya. Jakar iskar nan da ke fashewa a gaba tana ceton babba, amma tana iya kashe jaririn da aka juya wa baya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta ɗaura bel a Nijeriya tun 2003, duk da haka har yau muna ganin uba ya ɗaura nasa, ɗansa kuwa yana tsaye tsakanin kujeru.

Muka yanke ɗamarar da almakashi domin kada wani ya tsinta ya kai kasuwa. Zumuntar Mata suka ji labari, suka haɗa kuɗi da namu aka sayo sabuwa daga Kaduna, aka rubuta shekararta a littafin zumunta, da sharaɗi cewa duk gidan da ta shiga hatsari a hannunsu za su faɗa, ba wanda zai nemi su biya. Kafin ta iso mun fasa tafiyar da muka shirya zuwa ƙauye, kakar yarinya ta yi ta aiko da saƙon fushi har wata biyu. Ƙoƙon tsohuwar kujerar yana nan bayan ɗaki, kaza ta yi ƙwai a ciki.