Jirgin da ba ya barin ɗaki

A shekarar 2007, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da tarkacen ƙarafa. Injin tsohuwar Honda Civic ya ɗora masa, kujerun kuma na wata Toyota ne. Jirgin ya ɗaga, amma bai taɓa wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba. Jaridun duniya suka yayata hotonsa, jama'a suka yi ta sa albarka. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: da injin ya kai shi can sama, a ina ya koyi yadda zai sauko? Darasinsa na farko da ya iya zama na ƙarshe.

Wannan matsalar ce Edwin Link ya warware a Amurka a 1929. Tsadar koyon tuƙi ta sa ya ɗebi zugazugan iska daga masana'antar kayan kiɗan mahaifinsa, ya haɗa akwatin da ke karkata kamar jirgi alhali yana kafe a ƙasa. Sai da matuƙa suka yi ta mutuwa wajen jigilar wasiƙu a 1934 kafin sojin ƙasar suka sayi guda shida.

Abin da Link ya sha wahala a kansa, yau matashin Birniwa zai iya haɗa irinsa a zauren gidansu. Garin ya san layin dogon Kano zuwa Nguru tun 1930, amma Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da aka kafa a 1964 tana can Zariya, kuma kuɗinta ba na ɗan manomi ba ne. Abin da yake buƙata shi ne kwamfuta, manhajar FlightGear wadda kyauta ce kuma ba ta neman intanet bayan an sauke ta, sai ƙaramin allon Arduino da bai cika tafin hannu ba.

Aikin allon mai sauƙin fahimta ne. Idan aka ɗaura sandar tuƙi a jikin irin abin murɗawar nan na ƙara muryar rediyo, kowane motsi yana sauya ƙarfin lantarkin da ke wucewa. Allon ya mai da wannan sauyi lamba, daga 0 zuwa 1023, ya miƙa wa kwamfuta, hancin jirgin da ke fuskarta ya ɗaga ko ya sunkuya. Samfurin Leonardo ya fi dacewa, domin kwamfuta na iya karɓarsa a matsayin sandar wasa. Saƙon kan kuma dawo ta baya: manhaja ta faɗi tsayin jirgi, allon ya juya allura a agogon da aka zana da hannu. Ƙananan injinan juya allurar kuwa irin na dashbod ɗin mota ne, wanda duk mai zirga-zirga a Ƙofar Ruwa ya san inda ake zubar da su.

Kada a ruɗi kai, wannan ba lasisi ba ne, kuma kujerar katako ba ta koya wa jiki yadda iska ke fizgar jirgi. Tana koyar da abin da ya fi wuya: gaskata agogo lokacin da ido ya daina gani. Duk wanda aka taɓa soke wa tafiya a filin jirgin Malam Aminu Kano saboda hazon hunturu ya san darajar wannan.

Hazon ne ma babban abokin gabar mai haɗin. Ƙura na shiga cikin abin murɗawar, lambobi su riƙa rawa, jirgi ya dinga karkata ba wanda ya taɓa shi. Masu haƙuri kan maye gurbinsa da ɗan maganaɗisu da na'urar da ke jin motsinsa ba tare da gogayya ba. Ita ƙura ba ta dame ta ba, sai dai a yi aikin daidaita sandar daga farko.