Ganga mai makulli

Duk wanda ya taɓa riƙe ganga ya san fata tana bin yanayi. Da damina takan saki, muryarta ta dushe kamar ta mai mura. Da hunturu kuwa takan ɗaure har ta tsage. Makaɗan fadar Damagaram sun gaji maganin sakinta tun kaka da kakanni: a shanya ta a rana, ko a kanga ta ga wuta.

Kuɗin ganga ɗaya tak ƙungiyar al'adu ta makarantarmu ta samu, na karo-karon iyaye. Ko dai wadda aka ɗaure fatarta da igiya, sai mai sana'a ke iya sake janta, ko kuma irin ta mawaƙan zamani, mai kusoshin ƙarfe kewaye da baki waɗanda ake murzawa da makulli. Ta biyun na goyi baya, ko da yake kunnena ya fi son ta farko. Shekarar karatu a Nijar daga Oktoba take zuwa Yuni, watau galibinta rani ne, kuma wuta ɗaure fata take yi, ba ta sassauta ta. Da makulli, yaro zai sassauta gangar kafin a ajiye ta.

Ita ma tana da nata sharaɗi. Ƙura na cike kusoshin, makullin na ɓacewa, kuma idan aka matse gefe guda fiye da ɗan'uwansa, zoben ya karkace. Shi ya sa makullin ke kwana a aljihuna, kuma na koya wa ɗalibai su riƙa murza kusoshin biyu biyu, kowace da wadda ke fuskantarta.