Maganin Wankin Hoto: Na Gari Ko Na Ruwa?

'Yan uwana mata, kuna yawan tambayata me ya sa har yau nake wanke hoton baƙi da fari a ɗakina, alhali ga waya a hannun kowa. To, hoton amarya tana cikin lalle ko ɗankwali babu, ba na son ya bi ta hannun wani ƙato a shago, ko ya yi ta yawo waya zuwa waya. Wanda na wanke da hannuna kuwa yana cikin adakata.

Sai dai fa fim sau ɗaya ake wanke shi. In maganin ya mutu hoto ya tafi ke nan, biki kuma ba a maimaitawa.

Iri biyu na sani sosai. Akwai D-76 na kamfanin Kodak, tun 1927 ake amfani da shi, gari ne da ake damawa da ruwan ɗumi. Wallahi yana fito da fuska sumul gwanin sha'awa. Amma da an dama shi kwanansa ƙidayayye ne, wata 6 in kwalba a cike take a toshe, in ta koma rabi wata 2, balle a zafin bazarar Ikara. Mai wanki kullum zai ƙarar da shi. Ke fa da sai an yi suna ko biki kike ɗauko kyamara?

Shi ya sa ni dai na tsaya ga Rodinal, na ruwa, wanda kamfanin Agfa na Jamus ya fito da shi a 1891. Mililita 10 kike zuƙa da sirinji ki zuba a rabin lita na ruwa, ki yi wankinki ki zubar. Na cikin kwalbar kuwa sai ya shekara da shekaru, ya yi duhu kamar baƙin shayi, yana nan da ƙarfinsa. Aibinsa hoton kan yi ɗan tsaki-tsaki, ni kam na yafe masa.

Kowanne kika ɗauka, ruwan ya zama digiri 20. Da bazara na randa ma sai kin jefa masa ƙanƙara, don ruwan ɗumi kan sa fim ya ƙone da wuri. Mutanena na Makarfi da Kudan masu ruwan rijiya, a tace da farin ƙyalle tukuna. Da hunturu sanyin ruwa ya yi daidai, sai dai ƙura, ki yayyafa ruwa a ɗaki ki rufe taga kafin ki shanya.

Kwalbar kuma a ɗora ta can saman sif nesa da yara, don tana ƙona fata, kuma kada kofin awonta ya kusanci madafi.