Rawar Mota da Harshen Gareji

Kalmar "rawa" tana da faɗi a bakin Bahaushe. Mai zazzaɓi yana rawar sanyi, matsoraci yana rawar jiki, haƙori yana rawa kafin ya fita. Saboda haka idan direba ya shigo gareji ya ce motarsa tana rawa, bai faɗi komai ba tukuna. Gwanintar makanike tana farawa ne daga tsuke wannan kalma har ta tsaya a kan ƙarfe guda.

Wani direba mai jigilar fasinja tsakanin Jos da Abuja ya kawo irin wannan kuka wurin wani dattijon makanike da ke kusa da Dilimi, inda ake cinikin kayan mota. Motar Golf ce, ba tasa ba, kuma kullum akwai kuɗin da mai ita ke jira da yamma. Sau biyu yana biyan masu taya su daidaita masa ƙafafun, rawar ba ta daina ba. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne gangarar Hawan Kibo, inda sitiyari ya nemi ƙwace masa da mutane cike a mota.

Dattijon bai taɓa sifana ba. Tambaya ya fara yi.

"Yaushe take rawar? In kana gudu, ko sai ka taka birki?"

"Sai na taka, Baba."

"A ina kake jin ta, a hannu ko a mazauni?"

"A hannu. Birkin ma yana tunkuɗo mini ƙafa, kamar bugun zuciya."

Da waɗannan amsoshi biyu an yi rabin aikin. Rawar da ke zuwa da gudu kaɗai, ƙafa ba ta kan birki, galibi ta taya ce ko ta wili da ya lanƙwashe, kuma can ne direban ya zubar da kuɗinsa. Wadda ke jiran a taka birki kuwa, faifan birki take nunawa. Idan a sitiyari ake jin ta, ƙafafun gaba ne. Idan kujera ce ke jijjiga, a duba na baya. Akwai kuma tunkuɗar da ba cuta ba ce: mota mai na'urar ABS takan yi ta da gangan idan an danne birki a firgice, don kada taya ta ƙame ta ja a kan kwalta.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne yadda aiki ya rabu tsakanin kalmomin wannan zance. Sunayen kusan duk baƙi ne da suka sa rigar gida: birki, sitiyari, taya, wili, noti, boris. Amma aikatau da ke ɗauke da ganewar cutar na gado ne: tunkuɗa, fizga, jijjiga, karkarwa, ja. Dattijon ba ya ɗaukar "jijjiga" da "fizga" a matsayin abu ɗaya, domin motar da ke fizga zuwa gefe guda tana ba da labarin birkin da ya kama a ƙafa ɗaya ne, ba na faifai ba. An yi ta tattara kalmomin aro na sana'o'in zamani ana jera su, amma wannan ɓangare na biyu, inda tsohuwar kalma ke samun sabuwar iyaka, shi ne ya fi cancantar a zauna masa.

Duk da haka bai tsaya ga baki ba. Ya sa yaransa suka ɗaga motar a jak, ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, ya sake kamawa dama da hagu, don ya tabbatar ba boris ko mahaɗan sitiyari ne suka saki ba. Da aka cire tayar, sai ga faifan ya yi tabo-tabo masu shuɗi, alamar ya sha wuta. Mutane kan ce faifai ya "lanƙwashe", amma sau da yawa ba haka ba ne. Kaurinsa ne ya daina zama ɗaya. Direban da ya gangaro dutse da ƙafa a kan birki, sannan ya tsaya cak ya ci gaba da dannewa, yakan bar shafin takalmin birki manne a wuri guda. Bambancin da bai kai kaurin silin gashi ba ya isa ya girgiza mota, domin duk juyin taya sai takalmin ya yi tuntuɓe da shi.

A nan ne aka ja daga. Direban ya so a kai faifan ga masu injin aske ƙarfe, saboda ya fi araha. Dattijon ya goge tsatsar gefen faifan, ya nuna masa lambar da maƙera suka buga, wadda ke faɗin iyakar sirancin da aka yarda ya kai. Ya auna, ya ga askewa za ta ƙetare ta. Faifan da ya yi siriri ya fi saurin ɗaukar zafi, kuma Hawan Kibo yana nan bai gusa ba.

"Ɗana, ba zan aske wannan ba. Kuma biyu za ka saya, dama da hagu, da sabbin takalma."

Direban ya fita waje ya daɗe yana waya da mai motar kafin ya dawo da kuɗin.

Wurin ɗaurawa ma dattijon bai yi sauri ba. Ya kankare tsatsar mazaunin faifan tas, domin ɗan datti a wurin yana sa sabon faifai ya zauna a karkace, rawar ta dawo bayan 'yan watanni. Ya shafa maiƙo a sandunan da birkin ke zamewa a kai. Notocin taya kuwa ya hana yaro bin su a jere ko hawa kan sifana da ƙafa, ya sa a ɗaure su a gicciye, kowanne da ƙarfin ɗan'uwansa. Sannan ya ce wa direban ya nemi miƙaƙƙiyar hanya ya riƙa rage gudu a hankali sau da dama ba tare da ya tsaya ba, har takalman su saba da faifan, kuma in ya zo gangara ya koma ƙaramar giya ya bar inji ya riƙe masa motar.