Tama-Plaza, tashar da ta raɗa wa unguwa suna

A kudu maso yammacin Tokiyo, cikin birnin Yokohama, akwai wata tashar jirgin ƙasa da ake ce ma Tama-Plaza. Tashar ma'aikata ce da ƴan lakwal, masu fita da sassafe su komo da dare. Lambarta DT15, wato ita ce ta goma sha biyar in ka fara ƙirga daga Shibuya, cikin tashoshi 27 na layin Den-en-toshi. An buɗe ta ranar 1 ga Afrilu 1966. Kuma ba ta gwamnati ba ce: da dogon, da tashar, duk na wani kamfani ne mai suna Tokyu.

Ni dai ban taɓa hawa jirgin ƙasa ba, kamar yawancin masu karanta wannan ƴar takarda. Yamai na da tasharta tun 2014, an kuma shimfiɗa dogo har Dosso, amma ba wanda ke hawansa zuwa aiki. Faba-faba da kabu-kabu ne jiragenmu. Abin da ya kai ni ga Tama-Plaza shi ne nazarin sunayen wurare da muke yi a jami'a. Ina neman misalin sunan da aka ƙirƙira da gangan, sai na ci karo da ita, tun daga nan ta ƙi fita raina.

Ku dubi sunan kansa. Japanawa na rubutu da tsari uku: kanji da suka aro daga Sin, sai hiragana da katakana, waɗanda kowane harafinsu gaɓa ce. Bisa al'ada, sunan wuri da kanji ake rubuta shi. Wanga suna kuwa ba kanji ko ɗaya a cikinsa. "Tama", sunan tsaunuka da kogin yankin, an rubuta shi da hiragana, mai laushin gani. "Plaza", kalmar Sifaniyanci mai nufin dandali, an rubuta ta da katakana, rubutun baƙin kalmomi. A bakin Bajapane kuma ba "plaza" take fitowa ba, "puraaza" ce, don harshensu ba shi da "l", ba ya kuma son baƙaƙe biyu su haɗu ba wasali a tsakani. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe dariya ba. Mu ne muka maida kalmar Ingilishi ta koma "burodi", ta Faransanci ta koma "lakwal". Ita kanta "tasha" ai ba gadonmu ba ce, daga Ingilishi muka sassaƙo ta har ta daina kama da uwarta.

To me ya sa kamfanin jirgi zai damu da laushin harafi? Don ba tikiti kaɗai yake saidawa ba. Dabarar ta samo asali daga Kobayashi Ichizo, wanda ya kafa kamfanin da ya zama Hankyu a Osaka. A 1910 ya buɗe layi zuwa karkara, ya sayi filayen gefen dogo, ya gina gidaje ya saida ma ma'aikata, daga baya ya kafa babban kanti a tashar Umeda. Mutum ya sayi gidanka, ya hau jirginka, ya yi cefane a kantinka. Tokyu ta bi wannan sawu. A 1953 shugabanta Goto Keita ya bayyana shirin maida tsaunukan Tama unguwannin zama. Sunan layin ma, Den-en-toshi, fassara ce ta "birni mai lambu", ra'ayin wani Bature ɗan Ingila, Ebenezer Howard. Yau in ka sauka a Tama-Plaza, ginin da ka fito cikinsa kasuwa ce ta Tokyu, bas ɗin da ke jiranka a waje ma galibi nata ne.

Nan ne abin ya fara damuna. Kafin dogo ya iso, wurin na da suna: Motoishikawa. "Ishikawa" kogin duwatsu ne, "moto" kuma na asali. Suna ne na manoma, irin wanda ke gaya maka abin da ke ƙasa in ka taka. Amma wa zai ci bashin shekara da shekaru don ya ce yana zaune a kogin duwatsu? Sai aka raɗa ma unguwar da ke jikin tashar Utsukushigaoka, "kyakkyawan tudu". Bi layin gaba ka ji sauran: Aobadai, tudun ɗanyen ganye, Tsukimino, filin kallon wata. Wallahi kamar sunayen turare. A tsakaninsu kuma akwai tsofaffi irin su Eda da Nagatsuta, da suka tsira da sunayensu na kaka da kakanni, suna zaune cikin jerin kamar dattawa a bikin samari.

Ba zan ce sabbin sunayen ƙarya ba ne. Wanda aka haifa can a 1970 yau ya haura hamsin, kuma in aka tambaye shi garinsu, Tama-Plaza zai ce, da zuciya ɗaya. Sunan talla ya zama sunan gida. Ƙarfin tasha ke nan, wanda allon kan hanya ba shi da shi: kowace safiya murya na faɗin sunan a cikin jirgi, yana kan katin shiga na wata-wata, yana bakin yaron da ke koyon hanyar lakwal. Abin da dubban mutane ke ji sau biyu a rana ba ya buƙatar dokar gwamnati kafin ya kama.

Mu nan ba mu da kamfanin da ke raɗa suna daga ofis har ya bi layi guda, amma aikin na gudana ta wata ƙofa. A Yamai akwai kartiye da ake ce ma Niamey 2000, akwai Francophonie da ta samo suna daga wasannin 2005. Kafin a yanka filayen a kafa duwatsun iyaka, gonaki ne, kuma gona ba ta rasa suna a bakin mai ita. Na tambayi abokan kwanana uku a site, dukansu masu dangi a sabbin unguwanni, ko sun san yadda ake kiran wurin a da. Ɗaya ya ce sai dai a tambayi tsohon da ya saida ma babansa filin, in yana da rai. Bambancinmu da Japanawa shi ne su sun rubuta tsohon sunan a taswira da rajistar ƙasa kafin su rufe shi da sabo. Namu a ka yake, kuma kan na tsufa.

Motoishikawa dai bai mutu ba. An yi ta yankar sa ana fitar da sabbin unguwanni, har ya rage ɗan yanki daga gefe. Akwai kuma wata makarantar sakandare ta jihar Kanagawa da ke ɗauke da sunan har yanzu.